Gwaggo da Lamba Ɗari da Sha Takwas

Ƙarfe bakwai da rabi Gwaggo take sauka daga bayan babur ɗin maigidanta a ƙofar maɗaba'a. Da keke aka fara, aka koma babur, amma shekara talatin da huɗu ke nan bai taɓa juyawa ba sai ya ce mata, “A gaida 'yan lambobi.” Ita ma ba ta taɓa fasa hararar sa ba. Sai ta gyara mayafi, ta ratsa ɗakin inji inda warin tawada ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, ta hau matakala uku zuwa ɗan ɗakinta na ƙurya mai taga ɗaya da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska.

Kafin ta taɓa komai sai ta yaye ƙyallen da ke lulluɓe da kwamfuta, wanda maigidan ya ɗinka mata da ragowar yadi tun yana zaman shago, ta ninke shi gida huɗu. Ta jera kayan aikinta inda suke zama: rula ta ƙarfe a dama, jan biro a kanta, gilashin ƙara girman rubutu a hagu, sai wani littafi mai shuɗin bango da ba a isa a ɗora kofin shayi a kansa ba. Ba ta kunna kwamfutar sai ta buɗe littafin nan ta ga inda ta tsaya jiya. A ƙarshen watan nan za ta lulluɓe kwamfutar ta tafi gida ke nan. Likitan ido ya ce aikin ya isa haka, kuma wannan karon ta ji magana. Shi ya sa na ga bai kamata ta fita ta ƙofar nan shiru ba, yadda ta saba shiga.

Aikinta tsara shafi ne. Marubuci ya kawo rubutunsa a hargitse, ita ta zaunar da shi ya zama littafi. Amma abin da ya sa ma'aikata ke ce mata Gwaggon Lamba shi ne 'yan ƙananan lambobin nan da ake ratayawa a kafaɗar kalma, waɗanda in ka bi su zuwa ƙarshen littafi za ka tarar da inda marubuci ya samo maganarsa: wa ya gaya masa, a wane littafi ya gani, a wane shafi. Bayanan ƙarshe ake ce musu. Mu faɗa wa juna gaskiya, cikin masu karatu goma tara ba sa leƙa wurin, na goman ma sai in yana neman inda zai kama marubuci da ƙarya. Mu marubutan kanmu a gajiye muke rubuta su, muna Allah-Allah mu gama. Gwaggo kaɗai na sani da take fara karanta littafi daga can. In ka tsokane ta sai ta ce, “Kai lamba kake gani. Ni mutum nake gani a tsaye a bayanta, yana jira a kira shi.”

Tana da shekara ashirin da shida ta zo wurin a matsayin mai buga tafireta. A lokacin akwai sauran dattawa biyu a ɗakin baya masu jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, yatsunsu baƙi ƙirin, ba sa son surutu, ba sa son mace ta tsaya musu a ka. Ta yi ta tsayawa har suka gaji suka koya mata karanta layi a juye. Daga nan aka shiga zamanin almakashi da gam: a buga bayanai, a yanka su siri-siri, a manna. In marubuci ya tuno wani bayani a babi na biyu bayan an gama, sai a ɓamɓare duk lambobin da ke bayansa a sake daga farko. Akwai wani malamin jami'a da ya yi mata haka sau uku a littafi ɗaya. Ta ce ta yafe masa tuntuni, amma har yau in ta hango shi a hanya sai ta ji gam a yatsunta.

Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko maza suka tsaya daga nesa suna ba da shawara, ita ta ja kujera ta zauna. Da aka nuna mata manhajar da ke jera lambobi da kanta, ka cusa sabon bayani a tsakiya duk na baya su matsa ba wanda ya taɓa su, ta ce saura kaɗan ta taka rawa a gaban manaja. Murnar ba ta yi shekara ba. Manhajar tana da wani hali da ba wanda ya gaya mata: in aka goge jimlar da ke ɗauke da lamba, bayanin da ke ƙarshen littafi sai ya bi ta ya ɓace, sauran lambobin su matso su rufe gurbin tsaf, ba ƙara, ba gargaɗi. Ka duba daga ɗaya zuwa ƙarshe ka ga komai daidai.

Wani malamin firamare ne ya koya mata wannan, bayan an buga littafinsa an ɗaure. Ya zo ya zauna a bencin da ke ƙofar ɗakinta, ya buɗe ƙarshen littafin ya yi ta bi da yatsa. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Baiwar Allah, ina babana? Na sa shi a nan.” Gwaggo ta ce da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi. Washegari ta sayo littafi mai shuɗin bango. Tun daga ranar duk littafin da ya shigo sai ta ƙirga bayanansa babi-babi ta rubuta nawa suka shiga, ranar fita ta sake ƙirgawa, kuma ba ta sa hannu sai shiga da fita sun yi daidai. Ta kuma ƙirƙiro abin da ake kira a maɗaba'ar kira da amsa: ita ta karanta jimla ta kira lambar, Mai Inji ya karanto bayanin daga ƙarshe, a ji ko sun dace. Mai Inji, wanda ta girma da shekara biyu kacal amma take ce masa ƙanena, ya shekara ashirin yana ƙorafin cewa ba don wannan aka ɗauke shi aiki ba. Amma duk ranar da wani ya zauna a kujerar amsa a madadinsa, yini yake yi yana kumbure-kumbure.

Littafin ƙarshe da ya zo hannunta na wani tsohon likita ne, tarihin wata annoba da ta afka wa asibitin da ya yi aiki shekara arba'in da suka wuce. Bayanai ɗari biyu da sha biyu ya shigo da su, ta rubuta. Ana cikin aikin, wata uku da suka wuce, 'yar likitan ta zo da wata tsohuwa mai dogara sanda. Mai wankin asibitin ce a wancan zamani. Su bakwai ne a ɗakin wanki, annoba ta kwantar da wasu, tsoro ya kori wasu, ita kaɗai ta rage kwana arba'in tana dafa zannuwan gadon marasa lafiya a cikin duro har fatar hannunta ta saɓule. Likita ya ba ta sakin layi ɗaya a babi na bakwai, ya kuma yi mata alkawarin sunanta zai shiga littafi.

Tsohuwar ta zauna a benci ta dubi ma'aikata ɗaya-ɗaya ta ce, “Wace ce mai rubuta sunaye a cikinku?”

Gwaggo ta kamo hannunta ta kai ta gaban kwamfuta, ta ƙara girman rubutun har ya cika fuskar. “Ga ki nan, Iya. Da sunanki da na mahaifinki.”

“Ni ban san baƙi ba, 'yata,” in ji tsohuwar. “Amma lamba na san ta. Kowane zanen gado da lambarsa, ban taɓa kai na wani gadon wani ba. Wannan ɗaya ce da ɗaya da takwas.”

“Ɗari da sha takwas, Iya.”

“To shi ke nan. Ranar da littafi ya fito da kaina zan nemo ta, sai a karanta min.”

Bayan haka da 'yan makonni ɓarin jikin likita ya shanye, magana ta yi masa nauyi, karatu ya gagara. 'Yarsa ta roƙi a hanzarta, tana so littafin ya riske shi da sauran ganinsa. Aka tsayar da ranar Alhamis za a ɗora aikin a kan inji. Sai dai ita takardar littafi shafi sha shida-sha shida ake naɗe ta, kuma an riga an yanka ta shafi ɗari biyu da ashirin da huɗu cif. Da aka zuba gyare-gyaren ƙarshe, littafin ya haura da rabin shafi. Ranar Juma'a ce, Gwaggo tana asibitin ido. Sabon editan da bai cika shekara a wurin ba, mutum ne mai hazaƙa da saurin hannu, ya zauna a kujerarta ya nemi abin da za a rage. Ya rage shi cikin minti biyar, littafi ya zauna daidai, manaja ya yaba masa.

Ranar Litinin Gwaggo ta ƙirga bayanai ta samu ɗari biyu da sha ɗaya. Ta goge tabarau ta sake. Ta bi shuɗin littafinta babi-babi: na ɗaya daidai, na biyu daidai, har na shida. A na bakwai talatin da ɗaya suka shiga, talatin ta gani. Ta juya zuwa ƙarshen littafin. Lamba ɗari da sha takwas tana nan daram, ba ta je ko'ina ba, sai dai abin da ke gabanta yanzu shi ne: rahoton ma'aikatar lafiya, fayil na kaza, shafi na tara.

Ta aika a kira editan. In ta ce masa ɗana to lafiya lau ake. Ranar Malam Edita ta ce.

“Malam Edita, me ka cire a babi na bakwai?”

“Sakin layi ɗaya ne, Gwaggo. Labarin wanki ne kawai, bai taɓa jigon babin ba. Na duba lambobin ma, duk sun jeru daidai.”

“Za su jeru mana. Aikinsu ke nan.” Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. “Karanta min ɗari da sha takwas.”

Ya karanta. Ta ce, “To. Akwai wata tsohuwa da ta haddace lambar nan. Za ta buɗe littafi ta nemo ta da yatsanta, ta miƙa wa jikarta ta ce karanta min sunana. Kai za ka je ka tsaya a wurin lokacin da za a karanta mata fayil na kaza?”

Manaja, wanda ya jiyo muryarta daga ofis, ya shigo yana sassauta murya. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. “Gwaggo, in aka mayar da shi sai an ƙara shafi sha shida. Takarda ta ƙare, kafin wata ta iso sati uku. Wa ya san ko likita yana da sati uku? A bari in za a sake bugawa sai a gyara.”

“Ita kuma Iya wa ya ce maka tana da bugu na biyu?”

Mai Inji yana jingine da ƙofa yana goge hannu da tsumma, ya ce ƙasa-ƙasa, “Yallaɓai, ba za ta sa hannu ba fa. Na san wannan zaman.”

Gwaggo ta ce, “Ba na son shafi ko ɗaya. Layi sha ɗaya nake nema a babi na bakwai, huɗu a bayanan ƙarshe. Ku ba ni zuwa Laraba.”

Ga yadda ake neman layi, ga wanda bai taɓa gani ba. Sau da yawa sakin layi yakan ƙare da kalma ɗaya tilo a layin ƙarshe, ta cinye layi guda ita kaɗai. Gwaggo wutsiya take ce mata. In ka matse tazarar kalmomin sakin layin da abin da bai kai kaurin gashi ba, wutsiyar sai ta haye sama, ka samu layi. In ka matse da yawa rubutu ya cunkushe, mai karatu ya ji idonsa na ciwo bai san dalili ba. Ba manhajar da za ta gaya maka iyakar, ido ne kawai. Kuma idon ne likitan ido ya ce kada ya wuce awa biyu a gaban kwamfuta a yini.

Ta yi Talata cur tana farautar wutsiyoyi. Ta matse, ta fitar da shafin a takarda, ta ɗora rula, ta duba da gilashi, ta ce a'a, ta sake. Hawaye na bin kumatunta ba na kuka ba, tana sharewa da gefen mayafi. Da rana maigidan ya zo da maganin ɗigawa da ta manta a gida da gangan, ya tsaya a kanta yana faɗa.

“Idon nan fa ba naki ne ke kaɗai ba. In kika ƙarar da shi a nan wa zai riƙa zura min zare a allura?”

“Shekara nawa rabonka da ɗinki? Ɗiga min ka tafi, kana tare min haske.”

Ya ɗiga mata, bai tafi ba. Ya zauna a benci har aka tashi, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa taurin kai a gidansu ta gado shi.

Ke ce kika zauna a wannan kujera, Gwaggo, da idon da ya riga ya yi sallama da aiki, kina auna kaurin gashi saboda matar da sau ɗaya kika taɓa gani. Ba wanda zai kama ki da laifi da kin sa hannu. Littafin da ya fita tsaf, lambobi a jere, ba mai sharhin da zai gane an rasa kowa. Ke kaɗai kika san an rasa, kuma wannan ya ishe ki.

Layi huɗu na bayanan ƙarshe sun samu tun ranar Talata. Na babi na bakwai kuwa zuwa ƙarfe uku na ranar Laraba goma ta samu, na sha ɗayan ya ƙi. Ta bi shafi ashirin da uku na babin sau biyu, ba sauran wutsiyar da za ta hau ba tare da an ɓata shafi ba. Ita kuwa ba ta taɓa cire kalmar marubuci ba tun da take, ko da wasali ɗaya. Ta cire tabarau ta kifa kai a kan tebur.

Editan, wanda kwana biyu yana ta kai-komo a ƙofar ɗakin kamar mai jiran haihuwa, ya shigo ya tsuguna a gefenta.

“Gwaggo, akwai kalmomi a babin nan da ba na likita ba ne.”

Ta ɗago.

“Nawa ne. Wuri uku na ƙara don in ji maganar ta yi daɗi. Ba wanda ya sa ni.”

Ya nuna mata. Aka cire na farko, ba abin da ya motsa. Aka cire na biyu, wata kalma ta haye sama, shafin ya ja numfashi, sakin layin mai wanki ya zauna cif, layinsa na ƙarshe a kan layin ƙarshe na babin. Ta juya ƙarshen littafi ta ga sunan tsohuwa ya koma gaban lambarsa. Sannan ta ce, “Cire na ukun ma, ɗana. Likita ya iya maganarsa.” Ƙarfe huɗu ta hau bayan babur, ido a rufe, ta bar musu kwamfutar a kunne, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar Alhamis da safe, kafin a ɗora aiki, ta zauna ƙirgar fita kamar kullum. Ta samu ɗari biyu da sha uku.

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin fuskarta haka ba. “Wa ya taɓa min littafi?” Manaja ya sami abin dubawa a silin. Ta jawo shuɗin littafi tana huci, ta ce wa Mai Inji ya ɗauko kujerarsa, yau kira da amsa za a yi daga ɗaya, ko da za a kai la'asar. Suka fara. Babi na ɗaya daidai. Na bakwai daidai, ta kira ɗari da sha takwas ya amsa da sunan mai wanki. Har suka kai babin ƙarshe, inda sha huɗu suka shiga. Ta kira ta sha huɗun, ɗari biyu da sha biyu, ya amsa. Ta bi sauran shafin da rula har jimlar ƙarshe ta littafin, sai ga wata 'yar lamba a maƙale a kafaɗar kalmar ƙarshe, inda jiya babu komai.

Ta kira ta da muryar faɗa. “Ɗari biyu da sha uku!”

Mai Inji ya gyara murya, ya sake gyarawa. Mutumin da ke magana a kan ƙarar inji a ji shi a titi, ranar da ƙyar aka ji shi. Ya karanto sunanta cikakke, da na mahaifinta, sannan ya ce, “wadda ta tsara shafukan nan, ta kuma ƙi yarda a ɓatar da kowa a cikinsu. Shekara talatin da huɗu tana wannan aiki.”

Editan ne ya je gidan likita ranar Laraba da yamma ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, da abin da Gwaggo ta yi. Likita ya saurara, ya yi wa 'yarsa alama ta kawo takarda. 'Yar ta ce kusan rabin awa ya ɗauka yana fitar da kalmomin nan ɗaya-ɗaya, kuma da ta so ta taya shi ƙarasa wata sai ya buge hannunta.

Gwaggo ta karɓi takardar daga hannun Mai Inji, ta ɗora gilashi. Ba kan sunanta ta fara zuwa ba, sai da ta koma ta sake tabbatar da ɗari da sha takwas.

“A ƙarshe muka sa shi, Gwaggo,” in ji editan, “don kada ta Iya ta motsa.”

Ta gyaɗa kai. Sannan ta je kan nata ta tsaya. A duk littattafan da suka bi ta hannunta, sun fi ɗari huɗu in ka ƙirga shafukan shuɗin littafi da waɗanda suka cika kafin shi, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Shafin nan a cike na bar shi jiya. A ina kuka samo layi uku?”

“Wutsiyoyi, Gwaggo. Ni na matse, Mai Inji ya riƙe rula.”

Ta sa aka kawo shafukan, ta auna su ɗaya bayan ɗaya. “Ta biyun ka matse ta da yawa,” ta ce. Ta sake dubawa. “Amma za ta wuce.” Ta buɗe shuɗin littafi ta rubuta shiga ɗari biyu da sha biyu, fita ɗari biyu da sha uku. Wannan ne karo na farko da ta sa hannu a kan lambobin da ba su yi daidai ba. Wannan karon hawayen ba na ciwon ido ba ne, ko da yake ta rantse na shi ne.

Littafin ya riski likita, ya riƙe shi da hannunsa mai lafiya. 'Yarsa ta kai wa tsohuwa nata har gida, ta ce tsohuwar ba ta yarda kowa ya buɗe mata ba. Ta lashi yatsa ta yi ta juya shafukan ƙarshe a hankali har ta tsaya, ta danna wurin ta ce, “Ɗaya da ɗaya da takwas. To, yanzu a karanta.” Sau uku ta sa aka maimaita.

Mun gode, Gwaggo. Mun gode a madadin marubutan da kika rufa wa asiri ba su sani ba, da ni a cikinsu, da duk waɗanda ke tsaye a ƙarshen littattafanmu cikin ƙananan haruffa, iyaye da malamai da masu wanki, waɗanda ba don ke ba da wasunsu sun zame sun faɗi ba wanda ya ji. Ke ce mai ƙirga shiga da fita. Allah ya sanyaya idon nan, ya bar miki abin da za ki ga jikoki da shi, har da zaren maigida in ya matsa.

Ku kuma masu zama gaban kwamfuta a yau, manhajojinku sun fi nata sauri nesa ba kusa ba, kuma har gobe in kun goge mutum za su rufe gurbinsa su nuna muku komai daidai. Ku sami littafinku, ko wane launi ne bangonsa. Nata ta riga ta miƙa wa editan, da rular, ta ce gilashin kuwa da shi za ta tafi, akwai abin da take son ta riƙa dubawa a gida. Maigidan ya ce ya san ko mene ne, don ya kama ta sau biyu da littafin likita a buɗe ta baya. Yanzu in ya sauke ta da safe, a 'yan kwanakin da suka rage, ya daina cewa a gaida 'yan lambobi. Sai ya ce, “Sauka lafiya, ɗari biyu da sha uku.”

Tana hararar sa har yanzu. Amma tana amsawa.